Neman Yaya a Wutsiyar Jirgin Kaya

Litinin, 3 ga wata

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka cikin ladabi, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da aikinka. Ban sani ba ko za ka gane ni. Ni ce Auta, ƙaramar 'yar Inna, matar marigayi Mai Tuta. Inna ta ce ku taubasai ne, kuma rabonka da gidanmu tun ina goye. Ta ce ranar na jiƙa maka sabuwar riga. Ka yi haƙuri, ita ta ce sai na rubuta wannan. Yanzu ina aji biyar a sakandare.

Mu dai da sauƙi. Ƙafafun Inna ne suke kumbura, likita ya ce zuciya ce. Ya hana ta gishiri, ya hana ta tunani. Gishirin ta bari.

Kawu, maganar Yaya ce ta sa na rubuto. Shekara biyu da wata huɗu ke nan da ya tafi ƙasar da kake aiki yanzu. Wasiƙa uku ya aiko. A ta ƙarshe ya ce ya samu aiki a jirgin ƙasa na kaya, shi ne yake zama a tarago na ƙarshe da tuta, irin aikin Baba. Daga nan shiru. Mun rubuta sau shida zuwa gidan hayar da ya ba mu adireshinsa. Biyu sun dawo, huɗu ba mu san inda suka shiga ba.

Matarka ta gaya wa Inna cewa aikinka na gyaran injinan sanyi yana kai ka gari gari, kuma kana hutu ranar Lahadi. Abin da nake roƙo shi ne, duk garin da ka sauka, ka nemi inda jirgin kaya yake wucewa, ka tsaya ka duba tarago na ƙarshe. Na san roƙon yana da nauyi. Na rubuta takardar nan sau uku ina yagawa.

Ga abin da na koya a wajen Baba, ko zai yi maka amfani. Kada ka ɓata lokaci a tashar fasinja, jirgin kaya ba ya tsayawa a can. Ka nemi hawa, inda nauyi zai sa ya rage gudu. Abin da ya fi shi ne kwana. Dokar aikin ita ce, in jirgi ya shiga kwana, dole mai tuta ya leƙo ta taga ya bi taragai da ido har zuwa kan jirgi, ko ƙafar wani tarago ta yi zafi tana hayaƙi. Ta cikin kwanar yake leƙowa, ba ta waje ba. In ka tsaya ta ciki, za ka ga fuskarsa. Baba ya ce a shekara ashirin da shida bai taɓa wuce kwana yana zaune ba, kuma Yaya ya ji wannan magana fiye da sau ɗari.

Na sa hotonsa a cikin ambulan. Dogo ne siriri, yana da tabo a girar hagu. Hoton nan shi kaɗai muke da shi, don Allah kada ya jiƙe.

Inna ta ce in gaishe ka, wai ko har yanzu kana tsoron kare.

Taka 'ya,
Auta

Lahadi, 23 ga wata

Auta 'yar boko,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, sai ciwon baya na masu hawa tsani. Rubutunki kamar na inji. Ki gaya wa waccan tsohuwar cewa karnukan nan riguna ake sa musu, sun fi ta gata. Ki ce kuma ina bin ta riga.

Na karanta maganar yayanki. Hoton yana cikin leda a aljihun ƙirjina. Tun daga ranar na shiga aikin da kika ba ni, ga rahoto.

Wuri na farko gada ce ta masu tafiya a ƙasa, bayan wani ɗakin ajiyar siminti. Daga sama ana ganin layin dogo huɗu. Wurin ya yi kyau in rufin tarago kake son gani. Na ga rufi har na ƙoshi.

Na biyu inda titi ya tsallake dogo, inda ake sauke shinge. Nan kusa kake sosai, amma gudun ya yi yawa. Auta, jiragen nan ba irin na babanki ba ne. Iskarsu kaɗai ta cire min hula, na bi ta da gudu, wata mata a mota tana dariya. Na ƙirga tarago saba'in da biyu, kafin in ɗaga ido na ƙarshen ya zama ɗigo.

Na uku shi ne wurin da kika kwatanta. A garin da nake wannan makon akwai kogi, dogo ya bi gefensa ya yi kwana, ga hawa kuma. Akwai wani benci ƙarƙashin bishiya ta cikin kwanar, kamar don mu aka ajiye shi. Can jirgi yake jan jiki yana nishi kamar tsohon jaki. Na zauna tun hantsi har la'asar, jirage biyar suka wuce. Huɗu ban ga kowa ba, na ce wataƙila malalata ne, ba su yi makarantar Mai Tuta ba. Na biyar gajere ne, a tarago na ƙarshe ga wani a tsaye da riga ruwan goro mai ƙyalli. Na ɗaga hannu, ya ɗaga min. Rana tana bayansa, ban ga fuska ba. Dogo ne dai.

Zan ci gaba. Ku yi ta addu'a.

Kawunki

Alhamis, 11 ga wata

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan bayan ya yi sauƙi. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Wasiƙarka ta zo ta akwatin makaranta, ban iya jiran tashi ba, na karanta ta a ƙarƙashin tebur lokacin darasin lissafi.

Na karanta wa Inna yadda ka rubuta, ban ƙara ba ban rage ba. Ta yi dariya a wajen hula har sai da tari ya kama ta. Da na zo wajen mai riga ruwan goro, ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce, "Shi ne." Na ce, "Inna, Kawu ya ce bai ga fuska ba." Ta ce, "Ke me kika sani? Huɗu sun wuce kwana a zaune, ɗaya ya miƙe. Ɗan wa zai miƙe in ba ɗan Mai Tuta ba?"

Na naɗe takardar na mayar da ita cikin ambulan.

Ranar ta cinye abincinta duka. Washegari ta sa na fitar da katifar Yaya na shanya, na share ɗakin, na wanke labule. Ta gaya wa maƙwabciyarmu mai ɗinki, kuma ka san gaya wa mai ɗinki kamar gaya wa kasuwa ne. Yanzu duk wanda na gamu da shi a layinmu sai ya ce min barka.

Kawu, ina jin tsoro. Amma ni ma wani lokaci sai in ji kamar shi ne. Baba ya ce ma'aikatan jirgi zagaye suke yi, wanda ya bi hanya yau zai sake bin ta rana irin ta yau. Don Allah ka koma bencin nan ranar Lahadi a daidai lokacin. In rana ta dame ka, ka matsa gaba kaɗan ta yadda za ta koma bayanka. In ya leƙo, ka kira shi da Na Inna. Ba wanda ya san wannan sunan sai mu.

Taka,
Auta

Asabar, 29 ga wata

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya. Yau mako bakwai ban ji daga gare ka ba. Malamin da yake raba wasiƙu a makaranta ya daina jira in tambaya, da ya hango ni sai ya girgiza kai.

Ko na ɓata maka rai ne? Na sake tuna abin da na rubuta, na ga kamar na yi ta ba ka umarni, ka koma can, ka matsa nan, kamar kai ne ɗalibin. In haka ne ka yafe min. Ko kuma ka gan shi, abin da ka gani ba na faɗa ba ne? In haka ne ma ka faɗa min ni kaɗai. Shekarata goma sha bakwai.

Jikin Inna ya tashi. Kumburin ya kai gwiwa, yanzu a zaune take barci da matashi uku a baya. An kwantar da ita kwana huɗu a asibiti. Ban je makaranta ba, na rasa jarrabawar gwaji ta kimiyya.

Akwai abin da zan faɗa maka, kuma ina jin kunya. Kullum in na dawo, kafin in cire takalmi, sai ta ce, "Ya rubuto?" A asibiti, ranar da numfashinta ya fi wahala, ta sake tambaya. Na ɗauko tsohon ambulan ɗinka, na yago shafi daga littafin labarin ƙasa na sa a ciki, na zauna a bakin gado na karanta mata abin da babu. Na ce ka koma bencin, ka sake ganin mutumin, har ka ga kamar akwai tabo a girarsa. Na sa maganar kare don ta yi kama da taka. Na sake yi sau biyu bayan mun dawo gida. A ta ƙarshe na ce ka kira shi ya waiwayo, jirgi ya tafi da shi.

Ban taɓa yi wa Inna ƙarya ba, ko ta canjin aike. Yanzu ban san yadda zan fita ba. Don Allah ka rubuto ko layi ɗaya ne.

Auta

Laraba, 17 ga wata

Auta,

Wa alaikumus salam. Ba ki ɓata min rai ba, 'yata. An tura mu can ciki wani wurin ajiyar kifi da injinansa suka mutu gaba ɗaya, mako biyar muna can, wasiƙunki biyu suna ofis suna jirana. Lafiyata ƙalau. Amma gaskiya ko da na dawo na yi kwana goma da biro a hannu na kasa.

Ki zauna kafin ki ci gaba.

Na koma bencin sau uku. A na ukun na tarar da wani tsoho a zaune, da littafi da biro da ruwan shayi a gora. Duk jirgin da ya wuce sai ya rubuta lambar kan jirgin da lokaci. Na ce a raina, wannan ma nema yake. Na tambaye shi wa ya ɓata masa. Bai gane ba, sai da na maimaita. Ya yi dariya ya ce ba kowa, sha'awa ce kawai. Wai suna da yawa, har ƙungiya gare su, sun san duk wurin da ya fi kyau a tsaya a faɗin ƙasar. Shi kansa ya yi shekara talatin yana aikin jirgi kafin ya yi ritaya.

Na fito da hoton na yi masa bayani. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce in jira jirgi na gaba. Da ya zo, ya nuna min wutsiyarsa. Auta, wani ɗan akwati ne maƙale a bayan tarago na ƙarshe, da jar fitila tana ƙiftawa. Ya ce wannan shi ne mai tuta. Shi yake gaya wa direba komai. Ƙafar da ta yi zafi kuma, akwai na'ura a gefen dogo da take ji. An daina sa mutum a wutsiyar jirgin kaya shekara tara da suka wuce, a ƙasar duka. Shi ma aikin da ya yi ke nan, da shi aka sallama.

Na ce to wanda ya ɗaga min hannu fa? Ya buɗa littafinsa ya nemo ranar. Jirgin masu gyaran dogo ne, yana ɗauke da tsakuwa. Ya san mutumin, ɗan garin ne, yana da jikoki.

Kin ga lissafin. Yayanki ya zo shekara biyu da rabi da suka wuce. Aikin da ya ce ya samu, babu shi tun kafin ya taka ƙasar.

Ban tsaya nan ba. Tsohon ya raka ni babban filin da ake haɗa taragai, muka nuna hoton a ƙofa, da wurin cin abincin ma'aikata, da wajen masu shara. Ba wanda ya san shi. Na je gidan hayar, awa huɗu a mota. An mayar da shi wurin sayar da tayoyi.

Wata uku na yi ina ɗaga wa akwati hannu.

Maganar wasiƙun da kika ƙirƙira, ban ga laifinki ba, amma ba zan ce ki ci gaba ba. Abin da za ki gaya wa Inna kuwa, ke kike ganin numfashinta, ni ba na gani. Ki gaishe ta. Yau ba ni da tsokana.

Kawunki

Juma'a, 9 ga wata

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Na gode da ka faɗa min gaskiya. Na yi kwana biyar da takardar a cikin jakar makaranta.

Ranar Lahadi da rana ina shafa wa Inna mai a ƙafa, ta ce, "Ya rubuto, ko? Tun Talata kike tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai." Na ɗauko na karanta mata duka, har wajen tayoyi. Sannan na faɗa mata abin da na yi a asibiti. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi faɗa. Sai ta ce, "Ni ban yi boko ba, amma ina da ido. Takardar kawunki fara ce, taki mai layi ce, har da zanen kogi a bayanta."

Na ce, "To me ya sa ba ki hana ni ba?"

Ta ce, "Kin iya karatu. Ina jin daɗinsa."

Can ta ce, "Ashe shi ma haka ya yi min. Ku biyu na haifa, duk kun san abin da kunnena yake so." Daga nan ta ce in naɗe katifar in jingine ta, in rufe ɗakin. Tun ranar ba ta sake tambayata ba in na dawo. Abinci cokali uku take ci. Mai ɗinki ta shigo da barkarta, Inna ta juya fuska bango.

Ta ba ni saƙo. Ta ce ka daina zama a bakin kogi, kada sanyi ya kama ka a banza. Na isar.

Amma Kawu, ni na kasa bari. Ina ta tunanin tsohon nan mai littafi. An raba shi da aikin, amma bai iya rabuwa da jirgin ba, ya nemi benci. Yaya ma haka yake. Tun da aka rufe layin jirgin garinmu ciyawa ta cinye dogo, yakan hau keke ya yi tafiyar awa biyu zuwa inda jirgi yake wucewa, don kawai ya gani ya dawo. In ya je can ya tarar babu aikin, ko wanke kwanuka yake yi, ko dako, ko ba ya yin komai, na san inda zai je ranar hutunsa. Kuma irin wurin da zai zaɓa shi ne irin wanda na kwatanta maka, don malaminmu ɗaya, Baba. Cikin kwana, wajen hawa.

Ni na sa ka duba inda ba shi. Don Allah ka sake zagaya wuraren nan, gadar da shingen da bencin. Kada ka kalli jirgin. Ka kalli waɗanda suke tsaye suna kallo.

Likita ya ce mu dawo bayan mako biyu, amma ya faɗa ne yana kallon takarda, bai kalle ni ba.

Taka 'ya,
Auta

Talata, 18 ga wata

Auta,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Wasiƙarki ta yi mako biyar tana bina, don ba na ƙasar. Aikinmu na can ya ƙare, takardar zamana ma ta ƙare, kamfani ya kwaso mu zuwa wani tsibiri inda ake gina wurin ajiyar nama. Shekara biyu za mu yi. Na rubuta miki kafin in taso, da alama ta ɓata a hanya.

Na karanta abin da kika ce, na fita waje na zauna a kan bulo.

Wuri tara na tsaya a wata uku. Akwai mutane. A gadar nan kusan kullum akwai masu jingina da ƙarfe, biyu ko uku. A kwanar kogi, in ban manta ba, akwai wani da yake zama can sama a kan tudu bayan bencin, da keke a kwance kusa da shi. Sau biyu ko sau uku na ji motsinsa. Ko tsoho ne ko yaro, ko fari ko baƙi, wallahi ban sani ba. Idona yana kan wutsiyar jirgi. Ban waiwaya ba ko sau ɗaya.

Tsohon mai littafi ban karɓi adireshinsa ba. Hoton yana nan a aljihuna.

Na tambayi direbanmu ko akwai dogo a tsibirin nan. Ya ce ko taku ɗaya babu.

Ki rubuto min yadda jikin Inna yake. Wannan takardar, ke kika san ko za ki karanta mata.

Kawunki